Ku Tambayi Kawu: Yarana sun kalli fim ɗin masu shan jini, yanzu ba mai iya zuwa banɗaki shi kaɗai

Assalamu alaikum masu karatu. Da alama hutun makarantan nan ya zo mana da aiki, don saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan rabinsu a kan abu ɗaya suke, wato fina-finan horo na ban tsoro, musamman na bamfaya, masu shan jini masu dogayen fiƙoƙi ɗin nan. Na tsinci guda shida, sauran ku yi haƙuri, in kun duba da kyau za ku ga amsarku a ciki.

TAMBAYA: Salam Kawu, dan Allah shawara nake nema. Yarana uku ne, babban shekararsa 14, sai mai 9, sai autar mai 5. Wancan satin na tafi biki Kurna na bar su a gida, ashe babban ya turo fim daga wayar abokinsa, irin na Turawan nan da suke cizon mutum a wuya su sha jininsa, suka kulle ɗaki suka kalla su uku. Tun ranar autar ba ta barci sai a jikina, cikin dare ta farka da ihu tana riƙe wuyanta, na tsakiyan kuma ya dawo fitsarin kwance abun da ya daina tun da daɗewa. Babban ko a jikinsa, dariya ma yake musu. Babansu ya ce in ƙyale su zai wuce, kakarsu ta ce a kai su a yi musu ruƙiyya, ni na rasa na kamawa. Wai fim ɗin ne yake da illa ko ni ce na cika damuwa? Daga wata uwa a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumussalam Maman yara, sannu da fama, Allah ya raya mana su. Ba ki cika damuwa ba, kuma ba wani sabon abu ne ya same su ba, tsoro ne, tsoro tsagwaronsa. Bari in ba ki labarin kaina don ki san ba a littafi na karanto ba. Ina ɗan firamare a Fagge, lokacin gida ɗaya ne mai bidiyo a layinmu, mukan taru a tsakar gidan bayan isha'i a kan tabarma, manya a gaba mu a baya muna leƙe ta tsakanin kafaɗu. Ran nan aka saka kaset ɗin Dirakula, ana tsakar wajen da ya ɗaga murfin akwatin gawa ya miƙe zaune NEPA suka ɗauke wuta, aka ce kowa ya kama gabansa. Tsakanin gidan da namu bai fi ƙofa bakwai ba amma sai an bi ta wani siririn lungu. Ina shiga lungun na ji numfashi a bayana, fuu, fuu, wallahi ban san lokacin da na watsar da silifas ɗina ba, na faɗa gida ina salati ina kiran Inna. Da safe aka gano tunkiyar maƙwabta ce take kwana a wajen. Shekara ta fi talatin yanzu, na manta sunan rabin yaran da muka yi kallon tare amma fuskar mutumin nan da jan idonsa tana nan daram a kaina. In maye ya ci ya manta ai uwar ɗa ba ta manta ba, wanda ya shirya fim ɗin ya karɓi kuɗinsa ya wuce, yaron da ya kalla shi aka bari da kayan.

To yaranki uku ne kuma fim uku suka kalla, duk da waya ɗaya ce. Ita autar, yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai da ido yake jin tsoro ba da tunani ba, abun da ya fi firgita shi shi ne mummunar kama, da kuma rikiɗa, a ce ga mutum kyakkyawa yana murmushi sai kawai idonsa ya juye haƙora su zazzago. Wannan rikiɗar kuwa ita ce jarin fim ɗin bamfaya gaba ɗaya. Kuma a shekarunta bango tsakanin abun da ke cikin waya da abun da ke bayan labule bai gama ginuwa ba, shi ya sa in kika ce mata "ai ƙarya ne, fim ne" sai ta gyaɗa kai amma dare na yi ta koma gidan jiya. Kar ki wahalar da bakinki da dogon bayani. Ki rungume ta, ki bar ta ta kwana kusa da ke na ɗan kwanaki, ki bar mata ƴar fitila mai caji a kunne, ki yi mata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko wani abu mai ban dariya kafin barci don ya zama shi ne na ƙarshen da ya shiga kanta. In ta farka da ihu kar a daka mata tsawa kar kuma a taru a kanta ana salallami, wannan ƙara tabbatar mata yake cewa lallai akwai abun tsoro tunda ga manya ma sun ruɗe.

Na tsakiyan shi ne wanda bayani zai yi wa amfani, kuma shi na fi tausayawa don irinsu ba sa faɗa, kunya suke ji kar a ce musu matsorata, sai abun ya fito ta katifa. Dan Allah kar a dake shi, kar a shanya katifar a gaban ƙannensa ana yi masa waƙar amalala. Ga abun da na yi wa ɗan ƙanwata ya yi aiki. Na dafa zoɓo mai kauri na dama ɗan sitaci a ciki, na fere ɗanyen dankali na yanka haƙora biyu na maƙala a baki, na shafa zoɓon a haɓa na ce masa to ga bamfayan Fagge. Ya yi dariya har da faɗuwa, shi ma ya ce sai ya gwada. Na ce masa to wallahi abun da suke yi kenan, jininsu ruwan sikari ne mai kauri da kala, haƙoran roba ne ake ɗorawa a kan na gaske, jan idon kuma wani ɗan siririn abu ne ake liƙawa a ƙwayar ido, in an gama ɗauka mutumin ya wanke fuska ya je ya ci abinci. A zamanin fim mara kala ma da ruwan cakulan suke yin jinin. Yaro in ya ga yadda ake haɗa dodon da hannunsa to rabin tsoron ya tafi.

Babban kuma kar ki yarda da dariyar nan ɗari bisa ɗari, ɗan shekara 14 ko ya tsorata ba zai bari ki gani ba. Amma laifinsa ba kallon ba ne kawai, laifinsa ya zaunar da ƴar shekara 5 a gaban abun. Ki zaunar da shi ke da babansa ku nuna masa abun da ya jawo, a sa shi ya riƙa raka ƙaninsa banɗaki da daddare har ya warware, wannan ya fi bulala shiga jiki.

Maganar Hajiya kaka kuwa, addu'a ba ta taɓa yin yawa ba kuma ke ma za ki iya, a karanta Ayatul Kursiyyu, sannan Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a hannu a shafe jiki sau uku kamar yadda ya zo a sunna, ki koya musu su riƙa yi da bakinsu, yaro yana samun nutsuwa in ya ji yana da makami a hannunsa. Abun da ba na so shi ne a ɗauki yarinyar da fim ya tsorata a kai ta inda za a ce aljani ne ya shige ta ana ihu a kunnenta, kin ga an cire mata bamfaya an saka mata wanda ya fi shi. In an yi kamar wata guda abun bai ragu ba, ko fitsarin ya zo da zafi ko yawan ƙishirwa, to ki kai yaron asibitin yara na Hasiya Bayero ko wanda ya fi kusa da ku a duba, don wani lokacin fim ɗin ya zo daidai da wata lalurar ce daban. Babansu ya yi gaskiya cewa yawanci yana wucewa, amma ba da ƙyaliya yake wucewa ba.

TAMBAYA: Kawu ina yini. Ni ina ganin wasu lambobi a gefen talabijin in an fara fim a dish, 13, 16, 18, wani lokacin PG da wasu haruffa. In an rubuta 13 kenan zan iya barin ɗana mai shekara 13 ya kalla hankali kwance? Daga wani uba a Hotoro.

AMSA: Lafiya lau Alhaji. Lambar tana nufin shekarun da masu tacewa suke ganin ƙasa da haka bai dace ba. PG na nufin a kalla tare da iyaye. Haruffan da kake gani a DStv kuwa, V tashin hankali da zubar da jini, L zagi da baƙar magana, S saduwa, N tsiraici. A Amurka tsarinsu ya fara tun 1968, suna da G da PG da R, sai a 1984 suka ƙaro PG-13 a tsakiya, R kuma na nufin ɗan ƙasa da 17 ba zai shiga silima ba sai da babba. Mu ma muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, Kano kuma tana da tata tun 2001.

Amma hankali kwance? A'a. Wanda ya rubuta 13 ɗin da ma'aunin garinsu ya auna, a wajensu saurayi da budurwa su rungumi juna suna sumbata a kan gado ba wani abu ba ne ga ɗan 13 muddin ba a tuɓe ba. Twilight na 2008 PG-13 ne, jini kaɗan ne a ciki, amma ka zauna ka kalla da ƴarka ka gani in ba ka nemi rimot ba. Blade na 1998 wanda Wesley Snipes ya fito, wanda samarin Kano suka haddace kamar karatun allo, R ne, farkonsa ma wani gidan rawa ake nunawa jini na zubowa daga rufi kamar ruwan sama. Underworld na 2003 shi ma R, haka Sinners na 2025 da aka yi ta yayi. Wanda zan iya cewa yaro ɗan 7 ko 8 ya kalla a cikin dangin nan shi ne katun ɗin Hotel Transylvania na 2012, PG ne, barkwanci ne kawai na wani uba bamfaya mai kaffa-kaffa da ƴarsa, shi ma gara kana kusa. Ni a nawa lissafin duk lambar da ka gani ka ƙara mata biyu ko uku, sannan ka kalli fim ɗin kai kaɗai tukuna ko da gudu-gudu ne.

Babbar matsalar ma ba a dish take ba Alhaji, dish ai yana da lambar sirri da za ka kulle duk abun da ya haura shekarun da ka zaɓa, Netflix ma yana da ɓangaren yara. Matsalar ita ce yawancin fim ɗin da yaranmu suke kalla ba ta nan yake biyowa ba. Wani ya sauke a intanet, ya tura wa mai shago, mai shago ya zuba a memori, wannan ya tura wa wancan ta Xender a bayan aji, kafin ya iso wayar ɗanka an yanke farkonsa, babu lamba babu kwali, sunansa ma ya koma "horo sabo 2". In kuma fassararre ne da Hausa to ya ƙara sajewa, kana tsakar gida kana jin muryar mai fassara yana zuba barkwanci yara suna dariya sai ka ɗauka wasan yara ne, alhali bakin ne kawai aka canza, hoton yana nan yadda yake. Hukumar tacewa ba ta shiga memorin ɗanka, kai ne hukumar a nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ranar da ka saya masa waya ranar ka ɗauki wannan aikin.

TAMBAYA: Kawu ni shekarata 16 ina SS2, kuma ni wallahi ba na jin tsoron komai, Vampire Diaries nake kallo saboda soyayyar ciki ba don jinin ba. Mama ta gani ta ƙwace wayata wai ina kallon fim ɗin matsafa. Dan Allah wannan adalci ne? Ina sizin 4 fa. Daga ƴarka a Sharaɗa.

AMSA: Ƴata, ba zan ce miki abun da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba, na san kin ji shi har ya ishe ki. Kuma na yarda ba kya jin tsoro, a shekarunki haƙoran roba ba za su hana ki barci ba. Mama ta ɗan kuskure sunan cutar amma ba ta kuskure cewa akwai cuta ba, don ni abun da ya sa kike kallon shi ne ya fi damuna a kan jinin.

Duba ki gani. Yarinyar cikin labarin ƴar sakandare ce ƴar 17, samarin da suke rububinta wa da ƙani ne waɗanda suka zama bamfaya tun 1864, wato sun girmi kakan kakanta, ɗayansu yana kashe mutane kamar kaji amma saboda yana da kyau yana da kalamai sai a yi ta jan ki har ki ji shi kike so ya yi nasara. A Twilight ma haka, saurayin ya haura shekara ɗari, yana shigowa ɗakinta ta taga yana kallonta tana barci ba ta sani ba, kuma aka nuna wannan a matsayin tsananin so. Ki cire kiɗan, ki cire kyan fuskar, ki ce wani dattijo ne a Sharaɗa yake haura katangar gidanku cikin dare yana leƙa ki, me za a kira shi? Abun da waɗannan fina-finan suke koya wa yarinya a hankali shi ne namiji mai hatsari, mai kishi kamar hauka, mai bibiyarki duk inda kika je, shi ne masoyi na gaske, kuma soyayyarki za ta gyara shi. Saƙonnin matan aure da suke shigo min a wannan shafin da yawansu da wannan tunanin suka shiga.

Sannan ga lokaci. Siris ɗin Vampire Diaries daga 2009 zuwa 2017 aka yi shi, sizin 8, kashi 171, kowanne wajen minti 42, in kika lissafa awa 120 kenan, kwana biyar cur ba barci ba salla ba wanka, ke da WAEC take jiranki baɗi. Ga shan giya kamar ruwa, ga shiga ɗaki, kin fi ni sanin wuraren da kike rage haske ki juya wayar in kin ji tafiyar Mama. Ki je ki ba ta haƙuri, kar ki tsaya gardamar tsafi ne ko ba tsafi ba, ki ce ta riƙe wayar ranakun makaranta ta riƙa ba ki a ƙarshen sati, kuma duk abun da za ki kalla a falo za ki kalla. In kin ji ba za ki iya kallon sizin 5 a falo ba to kin ba kanki amsa.

TAMBAYA: Malam wai da gaske akwai bamfaya a ƙasashen Turawa? Mun yi musu a majalisa, wani ya ce su ne mayu a wajenmu. Daga wani ɗalibi a Kabuga.

AMSA: Ƙanena babu su, amma an taɓa yarda da su sosai har hukuma ta shiga ciki. Asalin abun camfi ne na ƙauyukan gabashin Turai. A 1725 a wani ƙauye a ƙasar Sabiya, lokacin tana ƙarƙashin Ostiriya, wani mutum mai suna Petar Blagojevic ya mutu, cikin ƴan kwanaki mutum tara suka bi shi, sai gari ya ɗauka shi ne yake fitowa daga kabari. Suka tono shi a gaban jami'in gwamnati, suka ga gawar ba ta lalace yadda suke zato ba ga jini a bakinta, suka kafa mata tsinin itace a ƙirji suka ƙone. Rahoton ya shiga jaridu, abun ya bazu, aka yi ta tone kaburbura har sai da sarauniyar Ostiriya Maria Theresa ta tura likitanta ya bincika ya ce camfi ne, ta hana a 1755. Abun da suka gani kuwa halin gawa ne kawai, iska tana taruwa a ciki ta kumbura sai ta yi kamar ta ƙoshi, ruwa mai ja ya biyo baki da hanci, fata ta janye sai farce da gashi su yi kamar sun ƙara tsawo. Mutanen da suke mutuwa a jere kuma annoba ce da ba su san kanta ba.

Dirakulan da ka sani kuma wani marubuci ɗan Ayalan mai suna Bram Stoker ne ya ƙirƙire shi a littafinsa na 1897, manajan gidan wasan kwaikwayo ne a Landan, bai taɓa taka Taransilbaniya ba, yankin da yanzu yake cikin Romaniya. Sunan ya aro daga wani basarake na ƙarni na 15, Vlad, wanda ya shahara da tsire maƙiyansa a kan itace. Wani abun dariya, maganar cewa rana tana ƙone bamfaya babu ita a littafin, a can yana yawonsa da rana ƙarfinsa ne kawai yake raguwa, Jamusawa ne suka ƙaro ta a fim ɗin Nosferatu na 1922, wanda suka yi ba izini har matar marubucin ta kai su kotu aka ce a lalata kwafin, wasu suka tsira. Kenan ko dokokin dodon ma masu fim ne suke zama su tsara, yau tafarnuwa da gicciye da ruwan coci suna korarsa, gobe wani daraktan ya ce ba sa yi.

Shi kuwa maye a camfinmu ai rayayyen mutum ne yana cikin gari ana cin kasuwa da shi, kurwa ake cewa yana kamawa ba wuya yake cizo ba, ana maganar ƙanƙara a cikinsa, ana cewa a sa shi ya tsallaka mara lafiya. Ba hanyarsu ɗaya ba. Kuma a nan ne nake jin tsoron haɗa su, don bamfaya ba shi da adireshi a Kano, amma wadda za a nuna a ce mayya tana da shi, yawanci wata tsohuwa ce mara gata a ƙarshen layi. Yaron da ya cika kansa da fim ɗin shan jini, ga labarin ƴan shan jini da yake ji a gari, ƙaninsa ya yi zazzaɓi ya fara sambatu ya ambaci sunan wata, ka san yadda ake ƙarewa, an sha jifan bayin Allah a kan zazzaɓin da maganin maleriya zai warkar. Ku bar musun a majalisa ya tsaya a kan fim.

TAMBAYA: Kawu ɗalibaina sun ce jemagun da suke kan bishiyar makarantarmu suna shan jini da daddare, har wasu ba sa yarda su zauna a inuwar. Daga wata malamar firamare a Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Malama ki gaya musu jemage mai shan jini iri uku ne kawai a duniya kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa Ajantina, ƙanana ne, yawanci dabbobi da tsuntsaye suke bi suna barci su ɗan tsaga fata su lasa. Babu su a Afirka. Manyan namu na kan bishiya ƴaƴan itace suke sha, mangwaro da gwaba da ɓaure, ƙananan na cikin rufi kuma ƙwari suke ci har da sauro. Su zauna a inuwarsu, kawai kar su taɓa wanda ya faɗo ko su ci abun da ya gatsa ya yar, don jemage yana ɗaukar cututtuka.

TAMBAYA: Kawu ni sana'ata tura fina-finai, ina da ɗan shago a unguwarmu. Gaskiya horo yana cikin abun da ya fi tafiya, kuma yara ne suke zuwa da memori su ce in zuba musu mai ban tsoro sosai. In na hana shagon gaba za su je, ni kuma da wannan nake ciyar da gida. Ya zan yi? Daga wani mai shago a Rijiyar Lemo.

AMSA: Allah ya sa albarka a nema ɗan'uwa, kuma na ji daɗi da ka tambaya don da yawa ba sa tambaya. Ni ma na taɓa zaman shagon hayar kaset kafin CD ya kashe mana kasuwa, na san yadda ake ji in kwastoma ya juya. Ba zan ce ka goge horo daga kwamfutarka ba, babba mai hankalinsa in ya zo ya nema tsakaninsa da Ubangijinsa, hukuncin kallon kuma malamai suna nan. Amma kai ka san abun da yake cikin kowane fim, yaron bai sani ba, uwarsa ma ba ta sani ba, a duk layin nan kai kaɗai ne ka ga lambar kafin ta ɓace.

Ka raba fayil ɗinka gida uku, na yara, na matasa, na manya, ka rubuta shekarun a jikin sunan fim ɗin yadda ko an tura wa wani lambar za ta bi shi. Yaro ɗan firamare in ya zo ya ce horo kar ka kore shi, ka ce masa akwai wani sabo da ya fi, ka zuba masa katun mai dodanni ko na faɗan Chana mara jini, yawancinsu ba wani suna suke nema ba, so suke su je su ba da labari a makaranta. In ya ce yayansa ne ya aiko shi ka ce yayan ya zo da kansa. Wasu za su tafi shagon gaba, wannan gaskiya ne, za ka rasa ƴan canji. Amma ka samu kwali ka rubuta da maka ka liƙa a ƙofa cewa nan ba a tura wa yara fim ɗin manya, ka ga in matan unguwa ba su fara aiko ƴaƴansu wajenka da sunanka ba, har da cajin waya.

Sauran saƙonnin, har da na mai tambaya a kan fina-finan macizai na Indiya, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.